Fallen Wardi a Ƙarƙashin Ƙafar Teburinki

Ya ke sanyin idona, ruwan da ke kashe wutar ƙirjina, inuwar da nake gudu in fake idan rana ta dake ni, matata, abar ƙaunata,

Ina gaishe ki da hannun da kika sani, hannun nan mai kanta da tabon wuƙa, wanda yau fenti ya cika ƙarƙashin faratansa. Biro biyu na karya kafin in kai wannan layin, saboda haka idan kin ga takardar ta huje a wasu wurare kada ki yi mamaki. Ni mahauci ne, ban iya riƙe abu a hankali ba, ke kuwa kin fi kowa sani. Yau mako shida ke nan da kika bar gidan nan kika koma wurin Yayanki. Mako shida ina sauke gatari a kan ƙashi kamar ƙashin ne ya raba mu, har abokan aikina a mayanka sun daina tsayawa kusa da ni. Jiya Yayanki ya aiko cewa ranar Asabar zai zo da mota ya kwashe kayanki, har da teburin da ke gindin taga. Shi ya sa na zauna rubutu. Don Allah ki karanta har ƙarshe kafin ki yaga. Bayan nan ki yaga, ki ƙona, ki watsa mini tokar a fuska, na yarda.

Kin tuna ranar da kika fara tsayawa a gaban rumfata? Ba nama kika zo saya ba. Kika tsaya kina kallon hanta a kan faranti kamar wadda ta ga 'yar'uwarta da ta ɓace, har na gaji na ce, "Baiwar Allah, saye za ki yi ko gaisawa kuke?" Kika ɗago ido kika ce launin kike nema, wata uku kina haɗa fenti ba ki samu irinsa ba. Wayyo wannan ido! Ni da nake kayar da bijimi da hannu biyu, kallo ɗaya ya kayar da ni, wuƙa ta suɓuce daga hannuna ta kusa tafiya da babban yatsan ƙafata. Kika yi dariya kika ce mini Mai Gatari, sunan ya bi ni har cikin ɗakinmu. Shekara huɗu ina dawowa gida da ƙarnin jini ina tarar da warin fenti, ban taɓa tambayar kaina me kike yi a gaban ƙyallen zanen nan ba. A ganina wasa ne mai kyau da ya dace da mace mai kyau. Kaico, jakin duniya!

Bari in faɗi abin da na aikata da bakina, dalla-dalla, don ki san ba na ɓoye wa kaina. Ranar Talata Mama, mahaifiyarki, Allah ya jiƙanta, ta yanko furen wardi guda bakwai daga bishiyar da ta shuka a tsakar gidanta, ta naɗe su a jiƙaƙƙiyar jarida, ta kawo miki da ƙafarta. Ranar Alhamis ta rasu. Ba a yi mako ba mai gidan hayar ya sa aka tumɓuke bishiyar, aka malale wurin da siminti. Ke kuma kika sa furannin a koriyar kwalbar nan a kan tebur, kullum daga fitowar rana har hasken ya bar taga kina zaune kina zana su, ba ci ba magana. Na ga sun sunkuyar da kai. Na ga gefensu ya ƙone, ruwan kwalbar ya yi kauri ya fara wari. A sana'ata, abin da ya sauya launi ya fara wari sunansa mushe, kuma ba a kwana da shi. Na ce a raina matattun furannin nan ne ke ƙara cinye miki zuciya. Ranar da kika fita kwashe tufafin Mama na dawo da wuri, na juye furannin a shara, na wanke kwalbar da ruwan zafi da sabulu, na ɗauki wuƙar fiɗata na kankare allon da kike haɗa launi a kai har ya yi fes. Sannan na je na sayo jajayen wardi ashirin, manya-manya, na cusa a kwalbar, na tsaya a bakin ƙofa ina washe baki ina jiran yabo.

Ba ki yi ihu da farko ba. A hankali kika ce, "Ina suke?" Ni kuma da alfaharina na ce, "Na zubar, motar shara ma ta wuce." Sautin da ya fito daga ƙirjinki a lokacin, wallahi shekara ashirin ina yanka ban taɓa jin irinsa daga wata halitta ba. Kika ɗaga kwalbar kika maka ta da bango, gilashi ya tarwatse har cikin gashina. Kika damƙo furannina da hannu biyu kika yayyaga su, ƙaya na tsaga tafinki, jini na bin gwiwar hannunki ba ki ko ji ba. Kika ɗauki wuƙata da na bari a kan tebur. Na ɗauka ni za ki soka, kuma da kin soke ni da ya fi mini sauƙi. Sai kika juya ga zanenki, kika tsarga shi sau uku daga sama har ƙasa. Kika yar da wuƙar a gabana kika ce, "Kai ba abin da ka sani sai yanka." Kika fita ko mayafi ba ki gyara ba.

Na bi motar sharar har juji. Na tona da hannuna har yamma, cikin ruɓaɓɓen abinci da fasassun kwalabe, mutane na tsayawa suna kallon ƙaton mahaukaci. Ban samu ko kara ɗaya ba. Na dawo na naushi bangon zaure har yatsuna biyu suka goce. Kuma ba zan yi miki ƙarya ba, ya ke mai zafin rai irin nawa: na yi fushi da ke, fushi mai tsanani. Na dinga cewa furanni ne fa! Ciyawa ce! A kan ciyawa za a rushe gida? Ni da ban taɓa ɗaga miki hannu ba, ni da na yi abin don in ga kin yi murmushi? Da wannan fushin na hau benen malaminki, tsohon nan mai tari da ya koya miki zane, na kusa ɓalle masa ƙofa. Na ce ya gaya mini wane irin hauka ya cusa wa matata a kai.

Ya dube ni daga sama har ƙasa kamar mai duba saniyar da ba zai saya ba. Ya ce, "Kanka ya yi tauri, bayani ba zai shiga ba. Je ka sayo fure biyar ka dawo gobe da safe." Na tafi ina zaginsa a raina. Washegari na dawo da furen, don in nuna masa ba wani abin a zo a gani a ciki.

Ya hasken safiyata, ashe wannan aikin kike yi shiru shekara da shekaru ba ki taɓa kuka da shi ba? Na rantse fiɗar raƙumi ta fi shi sauƙi! Ranar farko na huda ƙyallen da buroshi sau biyu. Tsohon ya ce, "Riƙe shi kake kamar za ka soke wani. Saki, ba gudu zai yi ba." Na zana abin da na ɗauka fure ne, ya leƙo ya ce, "Wannan wardi ne ko huhun akuya?" Na karya buroshin gida biyu na jefa ta taga. Ya miƙo mini wani. Ya hana ni taɓa furen da fenti kwana biyu, wai sai na fara zana inuwar da ke bayansa da duhun da ke tsakanin ganye da ganye. Ya ce in daina zana furen da ke cikin kaina, in zana wanda ke gabana, a wannan sa'ar, a wannan hasken. Na ce ai duk fure fure ne. Ya ce, "To duk nama nama ne? Na safe da na yamma ɗaya ne a idonka?" Nan ya kama ni a wuya.

A wurin ja ne kaɗai na ba shi mamaki. Ashe ni na san ja fiye da shi! Na san jan jinin da ya fito yanzu, da na wanda ya sha iska, da na wanda ya daskare a gefen kwata. Na san jan tsokar cinya da jan zuciya da wannan jan mai duhu na hanta da ya kawo ki rumfata. Da na haɗa masa launin cikin fure ya cire tabarau ya goge ya mayar, ya ce, "Allah ya ba ka ido, ya hana ka hankali." Wannan ce kalmar yabo ɗaya da na samu a wurinsa, kuma na riƙe ta gam.

Kullum ina barin mayanka da hantsi in haura benen nan. Ban san lokacin da furannin suka daina zama biyar suka zama ɗaya-ɗaya ba. Akwai wadda ta buɗe da wuri ta mutu da wuri. Akwai mai taurin kai da ta ƙi buɗewa sam, wannan na sa mata sunanki a raina. Akwai wadda wuyanta ya karye a kwana na biyar, ta jingina da bakin kwalba kamar mai jin barci a mota. Kowace safiya sai in tarar sun sauya, jiya ta tafi ba ta dawowa, in yi ta tsere da su ina haƙi. Da suka fara bushewa sai na ga launukan da ban taɓa sanin akwai su ba, gefen ya koma ruwan ƙasa, cikin ya yi duhu kamar tsohon rauni. A kwana na tara sun fi ranar farko kyau nesa ba kusa ba, kuma saura mini fure ɗaya in gama.

A ranar ne na sauka ƙasa in wanke buroshi a famfo. Da na dawo sai na tarar da kwalbar cike da sababbin furanni, jajaye, masu sheƙi, marasa kunya. Tsohon na zaune yana tari yana cewa ya ga waɗancan sun mutu ne ya taimake ni. Ban san abin da ya faru ba. Na ji idona ya rufe. Na kifar da teburinsa, gwangwanayen fenti suka fashe a ƙasa, na shaƙo wuyan rigarsa na ɗaga shi sama, dattijo ɗan shekara saba'in, ƙafafunsa na lilo, ina ruri a fuskarsa cewa wa ya aike shi, wa ya ba shi iko, ina ya kai mini su! Bai ko motsa ba. Ya dubi tsakiyar idona ya ce, "Kai naka na kasuwa ne, kwana tara kawai ka yi da su. Ita uwarta ce ta yanko mata."

Na sauke shi. Na durƙusa a cikin fentin da ya zube na yi kukan da ban yi ba ko ranar da aka binne mahaifina, kuka mai ƙara, irin na sa idan an kayar da shi. Tsohon ya gyara rigarsa, ya buɗe bayan ƙofa, ya ɗauko furannina guda biyar lafiyarsu ƙalau a cikin wani kofi. Ya ce, "Ga su nan. Ni ba mahaukaci ba ne irinka." Wannan ya fi komai ƙona ni. Nawa an dawo mini da su cikin minti biyar. Naki fa? Wa zai buɗe bayan ƙofa ya dawo miki da naki? Ni na kai su juji da hannuna, ina murmushi.

Na koma gida na tsaya a gaban zanenki. Da niyyar ɗinke shi na shiga, har na zare allura da zare, sai na ji kamar an mare ni. Ashe har yanzu ban daina gyaran abin da ba a sa ni ba! Na ajiye allurar. Yana nan da raunukansa uku yadda kika bar shi. Amma yanzu ina da idon ganinsa, kuma abin da na gani ya tsaga ni. Fure shida kin gama, na bakwai layi ne kawai. Ta cikin koren gilashin kin zana ƙarshen kowane kara, duk an yanke su a karkace ta gefe ɗaya, don Mama bahaguwa ce, da hagu take riƙe almakashi. Hannunta kike zanawa! Ranar Talatar nan kike riƙewa kada ta wuce, ni kuma na zo da sabulu da ruwan zafi. Har allon da na kankare, ashe launukan da kika yi kwanaki kina nema ne a kai. Wane irin makaho ne ya kwana da ke shekara huɗu?

Yanzu ga abin da ya sa na rubuto, ki saurare ni da kyau, ya ke numfashina. Tun ranar da kika tafi tsintsiya ba ta shiga ɗakin nan ba, da farko don fushi, daga baya don tsoro. Mako biyu da suka wuce na kwanta a ƙasa ina kallon yadda inuwa ke faɗowa ƙarƙashin tebur, kamar yadda tsohon ya koya mini. Sai na gan shi. Falle ɗaya na fure, can tsakanin ƙafar tebur da bango. Ba na kasuwa ba ne, waɗancan jajaye ne. Wannan ruwan ƙwai ne mai jan baki, irin na bishiyar Mama, wanda babu irinsa kuma a duniya. Ya faɗo ne tun kina nan, ya tsere wa hannuna. Ya bushe ƙamas, ya yi sirara har haske na ratsa shi, kuma ƙafar teburin ta danne rabinsa. Idan aka ja teburin ko da taku ɗaya, zai zama gari.

Ban taɓa shi ba. Na rantse da wanda raina ke hannunsa ban taɓa shi ba, ko numfashi ba na yi da ƙarfi kusa da shi. Na rufe tagar don iska, na toshe ƙarƙashin ƙofa da tsumma, na yi wa tururuwan ɗakin nan kisan da za su ba jikokinsu labari. Ni da nake wanke rumfata sau uku a rana, ina zaune cikin ƙura da fasasshen gilashi ina gadin abin da bai kai farcen babban yatsana ba. Kowace safiya ina kwanciya rub da ciki ina zana shi. Ƙaramar takardar da ke cikin wasiƙar nan ita ce ta goma sha huɗu. Na san siffar ba ta yi ba, za ki ce kunnen ɓera ne. Amma dubi launin, ki gaya mini ko na yi ƙarya.

Da saƙon Yayanki ya iso, na hango a raina mutanensa sun shigo da takalma sun kama teburin nan sun ja. Jinina ya tafasa. Na ce wallahi duk hannun da ya taɓa shi sai na raba shi da kafaɗarsa! Ban farga ba sai na tsinci kaina a tsakar gida ina wasa wuƙa a kan dutse, ba tare da ina da abin yankawa ba. Na tsorata da kaina. Na tattara su duka, wuƙaƙe shida da gatarin, na naɗe a buhu na kai wa tsohon, na ce ya riƙe mini har Lahadi. Ranar Asabar Yayanki zai same ni a bakin ƙofa da hannu wofi. Idan ya zage ni zan sunkuyar da kai, idan ya mare ni zan ba shi ɗaya kuncin, don ƙanwarsa na ɓata wa rai kuma yana da gaskiya. Kayanki duka naki ne, ba zan riƙe ko cokali ba.

Abu ɗaya nake roƙo. Ki riga su zuwa. Ki zo da safe, lokacin da rana ke shigowa ta tagar, sa'ar da kika saba zama. Teburin nan da hannu ɗaya zan iya ɗaga shi, amma yatsuna ba za su iya zaro fallen ba, murƙushe shi za su yi kamar yadda suka murƙushe komai. Tsohon ya ce zai zo ya zaro mini da ɗan hantsaki, na ce a'a, hannun wani ba zai sake shiga tsakaninki da Mama ba. Aikin mutum biyu ne, kuma mu biyun nan ne kaɗai. Ni zan ɗaga, a hankali, sama sak, in riƙe har hannuna ya tsinke idan ta kama. Ke ki durƙusa ki ɗauki abinki.

Bayan nan, idan kin miƙe kin ce tafiya za ki yi, ba zan tare ƙofa ba. Zan ɗauki teburin a kaina in kai shi mota da kaina, in dawo in zauna a ɗakin da babu ke, in ci gaba da sonki kamar yadda wuta ke cin itace har ta cinye. Idan kuwa kin tsaya, ko da na tsawon shan ruwa ne, ba zan ce komai ba, ba zan gyara komai ba, ba zan taɓa komai ba sai kin ce in taɓa. Fure na bakwai yana nan yana jiranki, layi ne kawai, kuma ga launinsa a ƙasa ina gadi.

Ki zo, ya ke wadda ta fi ƙarfina. Tun daren jiya nake gwada ɗaga teburin kicin ba tare da kofin ruwan da ke kansa ya girgiza ba, kuma yau da safe ko ɗigo bai zube ba.

Naki, da hannun da ya ɓata da kuma hannun da yake koyo, yau da Asabar da duk ranar da ta rage mini a duniya,

Mai Gatarinki, wanda ya ajiye gatarin.